Littafin hunturu: koyon ƙidayar tsuntsayen ruwa a bakin Tafkin Nguru

9 ga Nuwamba

Bana na ƙudurta cewa kallon tsuntsaye zai tashi daga sha'awa ya koma aiki. Abin da nake so kafin tsakiyar Janairu shi ne in iya tsayawa gaban garken agwagin ruwa in ce ga iri kaza, ga adadi kaza, in kuma yarda da abin da hannuna ya rubuta. Na zaɓi tsakiyar Janairu ne domin a lokacin ake yin ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya, wadda aka faro tun 1967, ƙungiyar Wetlands International ce ke tattara sakamakonta. Ba wanda ya aike ni, ba kuma wanda zai biya ni. Ina dai so in bi tsarinsu a ɗan yankin da ƙafata da aljihuna za su iya kaiwa.

Wurin kuwa a ƙofar gida yake. Kogin Haɗeja da na Jama'are suna bazuwa cikin wannan dausayi kafin su zama Komadugu Yobe su nufi Tafkin Chadi. Tafkin Nguru da mashigin Marma su ne wuri na farko a Najeriya da aka sa cikin jerin dausayoyin yarjejeniyar Ramsar, wato yarjejeniyar ƙasashen duniya ta kare dausayoyi, a shekarar 2000. Shamuwa ta riga ta yi kudu tun da damina ta ɗauke. A daidai lokacin da take barinmu ne baƙin ke sauka: agwagi da masu dogayen ƙafa daga Turai da arewacin Asiya, waɗanda suka ƙetaro Bahar Rum da Sahara don gudun ƙanƙarar ƙasashensu.

Kayan aiki zuwa yau: madubin hangen nesa na gwanjo, mai lamba 8x42, wanda wani abokina ya samo mini a Kano kan ₦28,000. Littafin hotunan tsuntsayen Afirka ta Yamma, aro ne. Ƙaramin littafin rubutu da fensira, ₦700. Fensir ya fi biro a wannan aiki, don ko takarda ta jiƙe rubutun ba ya narkewa. Ɗan yayata, wanda ke ajin ƙarshe a sakandare, ya yarda zai riƙa riƙe mini littafin.

16 ga Nuwamba

Mun fita neman wurin zama. Wani dattijo masunci ya yarda ya ɗauke mu a kwale-kwalensa kan ₦3,000, daga asuba zuwa hantsi. Da ya ga madubin a wuyana sai ya ce, "Malam, tsuntsun nan kamawa za ka yi ko harbi?"

Na ce, "A'a Baba, ƙirgawa kawai."

Ya ɗan yi shiru yana tura jirgi. Can ya ce, "To, Allah ya ba da sa'a. Ni dai shekaruna duk a ruwa na yi su, ban taɓa ƙirga kifi ba sai ya shigo jirgi."

Kusan rabin lokacinmu a cikin kachala, doguwar ciyawar ruwan nan, ya ƙare. Wanda bai shiga ba ba zai gane ba. Ta fi tsawon mutum nesa, ta tsaya dama da hagu, ba ka ganin komai sai sama, hanyar da masunta suka sara kuwa iyakar faɗin jirgi ɗaya ce. A wani wuri sai da ɗan yayata ya kama ganyen da hannu yana ja, Baba yana turawa ta baya. Ya nuna wani lungu da ya toshe ƙurmus ya ce a zamanin ƙuruciyarsa da rani da ƙafa ake tsallake shi. Maganarsa ta yi daidai da abin da aka sani. Kafin a gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliya kan zo da ƙarfi a ƙarshen damina, sannan rani ya ƙafar da mashigai, duk ciyawar ruwan da ta tsiro ta bushe. Yanzu ruwa na gudana kaɗan-kaɗan kusan duk shekara, laka na taruwa, kachala ta sami abin da take so. Ta toshe wasu rassan kogin, ruwan ya karkato da yawa ta Marma zuwa Nguru. Manomi ya rasa gona, masunci ya rasa wurin jefa birgi, tsuntsayen jan-baki kuma sun sami makwanci da suke tashi daga ciki su faɗa wa shinkafa.

Abin da ya shafe ni a nan shi ne agwagwa ba ta son bango. Fili take nema, ruwa marar zurfi, inda za ta hango abin da ke zuwa. Daga ƙarshe mun sami irin wannan wuri: gonar shinkafa da aka girbe ta gangaro ta haɗu da taɓo, taɓon ya shige cikin buɗaɗɗen ruwa mai bado a gefe. Zan zauna ta gabas, domin da safe rana ta kasance a bayana. Ana iya zuwa da babur ta tudu, sai ɗan tattaki.

Na gida duk suna nan: kirinjijiya da fitonta sau uku-uku, dinya, balbela, zalɓe, jinjimi, da zakaran ƙeƙuwa wanda ya tona mana asiri tun kafin mu ƙaraso.

23 ga Nuwamba

An kafa bukkar da za mu riƙa ɓuya a ciki muna kallo. Na fara zuwa wurin mai gonar da goro, ya ce ba komai muddin ba za mu taka masa waken da ya shuka a kan laima ba. Zana 4 kan ₦1,800 kowace, ₦7,200 ke nan. Itatuwan dirka ₦3,000. Igiyar kaba ₦500. Mun rufa saman da ganyen goruba da muka tsinto, saboda in babu rufi haske yana shigowa ta baya, tsuntsu ya hango motsin kanka ta taga. Tagogin ƴan tsaga ne kamar faɗin tafin hannu, na yanka su daidai idon mai zaune a kan kujera ƴar tsugunno. Tsakaninmu da bakin ruwa kamar taku arba'in.

Ranar ba mu ga abin kirki ba, sarar itace ta kori kowa.

30 ga Nuwamba

Sun saba da bukkar. Wani mai-taka-bado, ja-ja mai farin wuya da goshi shuɗi, ya zo har kusa yana ɗaga dogayen yatsunsa daga ganye zuwa ganye. A wannan irin, namijin ne ke kwanci ya kuma yi reno. Man babur ₦2,400.

7 ga Disamba

Hazo ya sauka sosai. Da asuba sanyi har cikin ƙashi, yatsu ba sa juya madubi sai an hura musu iska. Gaɓar da ke tsallake ta ɓace gaba ɗaya, rana ta fito fara fat ba zafi. Sai wajen ƙarfe tara aka fara rarrabe abu.

A bayan kirinjijiya akwai wasu ƙananan agwagi masu ruwan ƙasa, sun kwanta ƙasa-ƙasa a ruwa, wuyansu gajere, kusan duk barci suke yi. Littafi ya ce gargani ne, agwagwar da ke haihuwa daga Turai har gabashin Asiya, ta kuma yi hunturu a dausayoyin Sahel: bakin kogin Senegal, fadamun kogin Kwara a Mali, da namu na yankin Chadi. Matsalar ita ce hoton da kowa ya san ta da shi na namiji ne mai farar gira ɓaro-ɓaro daga ido zuwa ƙeya, ni kuwa ko ɗaya ban ga mai gira ba. Ashe a wannan watan namijin yana cikin tufafin ɓad-da-kama, shi da macen kusan ɗaya suke. Abin da ya raba mini gardama shi ne tashinsu: wani jirgi ya gifta, suka tashi gaba ɗaya, sai ga gaban fiffiken mazan da toka-toka mai haske. Daga yau da wannan zan riƙa gane su.

A kan taɓo kuma ga masu dogayen ƙafa iri-iri, waɗanda har yanzu na kasa raba su, ban da guda biyu. Ɗaya mai dogon baki miƙaƙƙe, da fari a fiffike da baƙin wutsiya in ya tashi. Ɗayan shi ne raf, ƙaramin kai, ɗan gajeren baki, bayansa kamar an jera ɓawo. Raf ne suka fi shiga gonar shinkafa suna tsintar ƙwayar da ta zube lokacin girbi.

14 ga Disamba

Makon nan a tsakar gida aka yi yawancin aikin. Garke mai ɗari biyu ana iya bin sa ɗaya-ɗaya in yana zaune. Wanda ya haura dubu kuwa ba ya ƙirguwa haka, kafin ka kai rabi sun cuɗe. Dabarar masu aikin ita ce ka ƙirga goma sosai, ka riƙe girman gurbin da goman nan suka ci a idonka, sai ka riƙa aza wannan gurbin a kan sauran: goma, ashirin, talatin. In garken babba ne ka fara da hamsin ko ɗari.

Don ido ya saba, kullum bayan sallar isha'i ɗan yayata kan ɗebi wake da hannu ya watsa a babban faranti, in kalla kamar daƙiƙa biyar, ya rufe da mayafi, in faɗi adadi, sannan mu zauna mu ƙirga. A farkon mako duk ƙasa nake faɗa, wani lokaci da kusan kashi ɗaya cikin uku. Shi ma da muka yi musanya haka ya yi. Inda waken ya cunkushe ne ido ke ha'intar mutum, ya ga tsibi ɗaya ya ɗauka ashirin ne alhali arba'in ne. Zuwa ƙarshen mako tazarar ta ragu ƙwarai. Uwargida ta ce in an gama karatun a mayar mata da wakenta cikin kwano, kada ko ƙwaya ta yi ciwon kai.

Sai dai wake ba ya nutso, ba ya ɓuya a bayan ɗan'uwansa, ba ya kuma tashi. Yau a bakin ruwa na ƙiyasta kirinjijiya 700, ɗan yayata ya ce 900. Na ɗauki hoto da waya ta cikin idon madubin, muka dawo gida muka bi su da ɗigon biro a kan takarda. Abin da ya fito a hoton kaɗai ya haura 850, gefen hagu kuma bai shiga ba.

"Kawu, ka dai yarda," in ji shi.

21 ga Disamba

Fulani sun sauko da shanu cikin karan shinkafa. Tsakanin ƙafafun shanun, ban da balbela, ga wasu ƴan tsuntsaye masu rawayan ciki suna gudu suna kaɗa wutsiya, suna cafke ƙwarin da kofato ya tayar. Su ma baƙi ne daga Turai. Abin mamaki, ɗan abin da bai cika tafin hannu ba shi ma Sahara ya ƙetaro.

28 ga Disamba

Yau an sha wahala. Tun daga inda muke ajiye babur na lura hanyar ta yi danshi fiye da yadda muka bar ta. Da muka ƙarasa sai muka tarar da ruwa a cikin bukka, ya kai idon sawu. Taɓon nan da raf ke kiwo a kai babu shi, ruwa ya shanye. Dirkoki biyu na gaba sun kwanta saboda ƙasar ta yi laushi, rufin ya zube ciki. Zanar baya kuma shanu sun ci rabinta, sun bar mana igiya tana reto.

Ko ɗigon ruwan sama ba a yi ba tun watan Oktoba, kuma a lissafina ruwan ja da baya ya kamata ya riƙa yi kowane mako. Baba ya zo wucewa duba mamarinsa, na kira shi. Ya dubi bukkar ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Malam, ai ruwan nan ba na Allah-ya-kawo ba ne yanzu. In an saki daga madatsa, sai ya ɗauki kwanaki yana lallaɓowa ta cikin kachala, ka kwana lafiya ka tashi ka gan shi a gonarka. Tambayi mai waken nan."

Mai waken ba ya buƙatar tambaya. Layuka uku na ƙasa sun nutse, yana tsaye a kan kunya hannu a ƙugu. Asararsa ta fi tawa nesa ba kusa ba, don haka na haɗiye ƙorafina.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda ƙarin ruwan da bai wuce taƙi ɗaya ba ya sauya wurin gaba ɗaya. Masu gajerun ƙafa duk sun watse. Masu dogon baki sun rage kaɗan, suna tsaye ruwa har ciki. Gargani kuwa sun ƙaru, sun matso cikin ciyawar da ta nutse suna tsintar iri. Da wani zai karanta littafina ba tare da ya san wannan ba, cewa zai yi raf sun ƙare a Nguru cikin mako guda, alhali suna can bayan wata gona inda taɓo ya rage. Lamba ba ta da amfani in ba a rubuta yanayin ruwan kusa da ita ba. Saboda haka na sari sanda miƙaƙƙiya, na yi mata tsaga kowace santimita 5, na kafa ta a cikin ruwa inda zan iya karantawa da madubi. Daga yau abin da za a fara rubutawa ke nan kafin sunan kowane tsuntsu.

Mun ciro dirkokin muka ja bukkar baya zuwa kan wani ɗan tudu kusa da gindin gabaruwa. Zana biyu sababbi, yanzu ₦2,000 kowace. Mun kewaye da ƙaya saboda shanu. Mun dawo gida bayan azahar, ƙafafu duk sun yi fari sun tsage.

4 ga Janairu

Wata sabuwa. Na bi Baba a jirgi don in gano inda raf suka koma, jirgin ya daki wani kututture a ƙarƙashin ruwa, madubin ya fita daga cinyata ya bugi katakon ƙasa. Gilashi bai fashe ba, amma da na ɗaga sai kowane zalɓe ya zama biyu, ɗaya a saman ɗaya. Minti kaɗan kaina ya fara sarawa. Sauran safiyar da ido ɗaya na yi ta.

A kasuwa wani mai gyaran agogo ya ɗaga robar jikin madubin da bakin wuƙa, sai ga ƴan ƙananan sukurori da ke riƙe da gilasan ciki. Ya sa ni na tsaya a bakin rumfarsa ina kallon wani turken waya mai nisa, yana murɗawa kaɗan-kaɗan, ina cewa "saura kaɗan" ko "ya wuce", har turakun biyu suka haɗe suka zama ɗaya. ₦4,000 ya karɓa. Ya kuma nuna mini ƴan zane-zane a fuskar gilashin ya ce ƙurar hunturu ce da shafa da bakin riga, a riƙa hurewa tukuna kafin a goge. Na sa wa madubin igiya gajera, ba zai ƙara barin wuyana a cikin jirgi ba.

Raf suna nan, a wata fadama da ke arewa da bukka. Sanda: ruwa ya sauka da tsaga ɗaya.

11 ga Janairu

Gwaji. Mun raba wurin kashi uku da alamun da ba sa motsi: daga gorubar nan mai rassa biyu zuwa bakin kachala, daga nan zuwa dumbar masunta, sai fadamar arewa. Taɓo ya fara fitowa.

18 ga Janairu

Ranar ƙidaya. Mun shiga bukka da duku-duku, bayan mun yi sallah a kan tudu. Allah ya taimake mu iska ta kwanta, hazon ba shi da kauri. Sanda ta nuna ruwa ya koma ƙasa da inda yake ranar da muka kafa ta da tsaga uku.

Tsarin shi ne iri ɗaya a lokaci ɗaya, daga hagu zuwa dama, ni ina faɗa a hankali, shi yana rubutawa, ba ya ɗaga kai. Mun fara da waɗanda suka fi saurin tashi. Ƙidayar gargani ta tafi lafiya. Muna tsakiyar kirinjijiya, na kai wajen ɗari takwas, sai ga shahon fadama, baƙo shi ma, mace mai ruwan ƙasa da kai fari-fari, ta taho ƙasa-ƙasa a kan kachala fiffike a ɗage. Tsuntsayen kan ruwan suka tashi gaba ɗaya. Fito, kaɗa fiffike, sama ta yi duhu. Suka yi ta kewaya, wasu suka sauka a kashi na biyu, wasu suka ɓace ta bayan kachala, wasu kuma da ban san da su ba suka fito daga can suka haɗu da namu. Dole aka soke aka jira suka natsu, aka sake daga farko.

A lokacin jiran ne muka ga abin da ya biya mu. Wani baƙin zalɓe ƙarami ya shigo ruwa marar zurfi, ya yi taku biyu, ya watsa fikafikansa gaba ya rufe kansa ruf sai ka ce laima, ya tsaya. Ƙananan kifi suka shigo inuwar, ya sara. Ya miƙe, ya girgije, ya ƙara gaba ya maimaita. Da ya ɗaga ƙafa yatsunsa rawaya ne. Ɗan yayata ya manta da littafin a hannunsa.

Wajen ƙarfe goma aka tayar da injin ban ruwa a gonar albasa da ke kusa, daga nan aiki ya ƙare, don komai ya matsa tsakiyar ruwa. Ga abin da muka rubuta a kashin nan uku: kirinjijiya kimanin 1,400, gargani kimanin 600, raf kimanin 900, kusan duk a fadamar arewa, masu dogon baki 70, dinya 46, jinjimi 23, zalɓe 11, shahon fadama 2. Ƙananan lambobin ɗaya-ɗaya muka bi su, na tsaya a kansu. Manyan kuwa ƙiyasi ne, na sa musu alama a gefe. Akwai kuma wasu ƙananan masu kiwo a taɓo da na rubuta a matsayin "ba a tantance ba", sun kai 150. Gara a bar su haka da a ba su sunan da ba nasu ba.

Wani abu game da raf: namiji ya fi mace girma sosai, har ka ɗauka iri biyu ne, kuma a garkenmu ƙananan sun rinjayi manyan. Haka aka san su a Afirka, domin yawancin mazan ba sa yin nisa kamar matan. Biyu daga cikin mazan kansu da wuyansu fari ne tas.

25 ga Janairu

Ba a fita ba, ɗaurin aure. Na kwafe littafin cikin wani sabo. Na kuma sauke manhajar BirdLasser, wadda masu shirin taswirar tsuntsayen Najeriya ke amfani da ita a ƙarƙashin APLORI, cibiyar binciken tsuntsaye ta Jos. Sun yanka ƙasar gida-gida, kowane gida kusan kilomita 9 tsawo da faɗi, ana so mutum ya yi aƙalla awa biyu a ciki yana rubuta duk irin da ya gani. Wannan ba ƙidaya ba ce, jerin sunaye ne, amma zai ba sauran watannin shekara aiki.

2 ga Fabrairu

Dagona. Na daɗe ina jin sunan, sai yau na taka. Na zaɓi yau da gangan, domin ita ce ranar dausayi ta duniya, ranar da aka sa hannu kan yarjejeniyar a birnin Ramsar na Iran a 1971. Tafkin yana ƙaramar hukumar Bade, cikin gandun dajin ƙasa na Chad Basin. Tsohon lanƙwason kogi ne da ya yanke ya zama tafki, hekta 344, an sa shi cikin jerin Ramsar a 2008 tare da Baturiya ta Jigawa. Yarima Philip na Ingila ya taɓa zuwa nan a 1989. Ba a shiga kai tsaye, sai da izini da rakiyar ma'aikacin gandu, kuma na ga dalilin haka.

Bambancin da na fara lura da shi ba na iri ba ne, na hali ne. A wurinmu kirinjijiya tana tashi tun kana da nisa, don ta san bindiga da raga. A nan mun tsaya a inuwar giyayya a fili, ba bukka, suka ɗaga kai suka dube mu suka ci gaba da barci. A nan ne kuma na fara ganin agwagwa mai tsinin wutsiya da kyau: namijin dogon wuya, kai ruwan gyaɗa soyayya mai duhu, farin ƙirji da wani siririn farin layi da ya haura ta gefen wuya. Ta fi gargani girma, in tana kiwo takan kifa kai cikin ruwa wutsiya a sama.

Abin da na sa rai ban gani ba shi ne gauraka. Baba ya sha gaya mini cewa a da kukansu ke tashin mutane da asuba a fadamun nan. Yanzu da wuya a gan su a daji a Najeriya. Kamawa don a ajiye a manyan gidaje da kuma ƙanƙancewar fadama sun cinye su. Ni kaina gaurakin da na sani duk a tsakar gidan wani na gan su, an datse musu fiffike.

Hanya akwai rairayi, babur ya sha mai: ₦9,000 zuwa da dawowa, ban da kuɗin shiga.

15 ga Fabrairu

Girar ta fito. Mazan gargani sun sauya tufafi: kai ja-ja mai duhu, farin layi mai lanƙwasa daga saman ido zuwa ƙeya, gefen jiki toka-toka, dogayen gashin baya sun zubo. Yanzu ko da hazo ana raba namiji da mace, har ma na ga sun fara tafiya bibbiyu. Sanyi ya karye, ƙarfe tara ta yi an cire rigar ɗari. Sanda ta kusa fita daga ruwa, bakin tafkin ya yi nisa da bukka har madubin ba ya ƙosarwa. Manyan raf sun ragu, mazan ne ke fara kama hanya.

A fadamar arewa mun tarar da raga an kafa ta tsakanin sanduna biyu, da gashin tsuntsu a ƙasa. Ba kowa a wurin. Na rubuta, ban taɓa ba.

22 ga Fabrairu

Lissafi. Madubi da gyaransa ₦32,000. Bukka, ginin farko da na biyu, ₦14,700. Takarda ₦700. Jirgi ya tasam ma ₦30,000, mai kuma kusan ₦25,000 har da tafiyar Dagona. Duka ya ɗan haura ₦100,000, wanda a albashin malamin makaranta ba wasa ba ne.

Bukkar za ta tsaya zuwa tsakiyar Maris, ina so in rubuta makon da gargani za su ɗauke ƙafa, sannan in kwance ta in bar wa mai gona zanar. Baɗi, in Allah ya kai mu, za a fara tun Oktoba don a kama isowarsu. Sanduna uku zan kafa, ɗaya a kowane kashi, in kuma yi musu fenti domin tsagar wuƙa ba ta karantuwa in laka ta hau. Bukka kuwa ba ta dirka ba, ta ɗauka-ka-tafi: zana biyu da sanduna marasa nauyi da za su hau bayan babur, ruwa ya matsa mu matsa. Ƙananan masu kiwon taɓon nan suna buƙatar madubi mai ƙafa uku, na tambayi kuɗinsa a Kano na ajiye maganar tukuna. Ɗan yayata zai shiga jarrabawa, sai na nemi wani mai riƙe littafi. Baba kuma ya riga ya sanar da ni cewa jirgi baɗi ₦5,000 ne, sai dai in zan riƙa taya shi saran kachala.